Abin Lura a Tafiyar Zara

Idan rana ta faɗi, ladan ya kira Magariba, akwai tauraruwa ɗaya da take riga sauran fitowa. A yamma take bayyana, sama da inda rana ta nutse, tun jan sararin wajen bai gama washewa ba. Fara ce tas, kuma haskenta a tsaye yake, ba ya kyaftawa irin na sauran taurari. In an cire rana da wata, babu abin da ya kai ta haske a sama. Hausawa suna ce mata Zara matar wata, domin muddin tana yamma, duk lokacin da jinjirin wata ya tsaya sai an gan shi ya zo ya raɓe ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya yi gaba. Larabawa suna kiran ta Zuhara, Turawa kuwa Venus.

Kowa ya san ta, amma ba kowa ne ya taɓa bin sawunta ba. Mutum zai gan ta yau ya ce kai, tauraruwar nan akwai haske, ya shige gida. Bayan wata biyu ko uku in ya sake ɗaga kai ba zai same ta ba, kuma ba zai tambayi inda ta shiga ba. Ga shi kuwa tambayar tana da amsa, kuma amsar ba ta buƙatar komai sai ido da alƙalami da haƙuri.

Wanda yake son bin ta sai ya zaɓi wuri ɗaya da yake ganin yamma sosai, ya riƙa tsayawa a nan a lokaci ɗaya, misali da an sallame Magariba. Ya sami abin da ba ya motsi ya riƙe shi alama, ko bishiya, ko hasumiyar masallaci, ko kan katanga. Ma'auninsa yana jikinsa. Idan ya miƙe hannu gaba ɗaya ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen yana rufe kimanin digiri 10 na sama. Idan ya buɗe taƙi, kimanin digiri 20 ke nan. Sai ya auna tsayinta daga ƙasa, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta lokacin da ta faɗi, ya kuma ƙiyasta ƙarfin haskenta, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sau ɗaya a mako ya isa. Sararin ma yana da nasa hali. Da hunturu hazo yakan cinye gindin sama, tauraruwar ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Da damina gajimare yakan rufe ta kwanaki a jere, amma maraicen da ya biyo bayan ruwa ba shi da na biyu wajen tsabta. Mutumin ƙauye ya fi na birni rabo, saboda fitilun gari da hayaƙin motoci ba su dame masa sama ba.

Idan aka daɗe ana wannan rubutu, tafiyarta takan fito fili. Farkon bayyanarta a yamma, ƙasa-ƙasa take, ba ta kai awa ɗaya bayan rana sai ta faɗi. Daga nan ta riƙa hawa a hankali, hawan da ba a gane shi daga yau zuwa gobe sai daga wata zuwa wata. Tana ɗaukar wajen wata bakwai tana wannan hawa, har tazararta da rana ta kai taƙi biyu da ɗan ƙari, wato digiri 47 ko kusa da haka. A lokacin takan kai awa uku bayan faɗuwar rana tana sama, a yi Isha a fito a same ta. Nan ne iyakarta. Ba a taɓa ganin Zara a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Tamkar akuya take a turke, rana ce turken: ta je iyakar igiya ta wannan gefe, ta juyo, ta je iyakar igiya ta wancan.

Da ta kai iyaka sai ta juyo, kuma saukarta ta fi hawanta sauri nesa ba kusa ba. Abin da ta hau a wata bakwai, cikin mako goma take sauke shi. Abin mamaki shi ne tana sauka haskenta yana ƙaruwa. Wajen mako biyar bayan juyowarta take kai maƙurar haskenta. A irin waɗannan darare, a wurin da babu fitila kuma babu wata, takan iya jefa inuwa mai rauni a jikin farin bango. Mai kaifin ido da ya san inda take yana iya hango ta ko da rana tsaka. Bayan wasu makonni biyar kuma sai ta nutse cikin hasken rana, a neme ta a rasa.

Ɓatan nan ba ya daɗewa. Kimanin kwana takwas ne, wani zubin ya ɗara, wani zubin bai kai ba. Sai masu sammakon Asuba su ga wata tauraruwa mai tsananin haske ta ɓullo a gabas gabanin alfijir. Ita ce ake kira Gamzaki, wadda matafiya da manoma suke gani su san gari ya kusa wayewa. Mai rubutu zai lura da cewa a watannin da Zara take yamma babu Gamzaki a gabas, a watannin da Gamzaki yake gabas kuma babu Zara a yamma. Dalili shi ne su biyun abu ɗaya ne. A gabas sai ta maimaita tafiyar a juye: ta hau da sauri, ta kai maƙurar haske cikin mako biyar, ta kai iyakar igiya, sa'an nan ta shafe watanni tana sauka a hankali har ta sake shiga hasken rana. Wannan ɓata na biyu ya fi na farko tsawo, yakan kai kwana 50. Bayansa ta koma yamma, a fara daga farko. Kimanin kwana 263 a yamma, 8 a ɓoye, 263 a gabas, 50 a ɓoye: jimilla kwana 584.

Shekarar 2025 ta ba da misalin da mutane da yawa za su iya tunawa. A ranar 10 ga Janairu Zara ta kai iyakar nisanta da rana ta gefen yamma, a tsakiyar Fabrairu ta kai maƙurar haskenta. Azumin shekarar ya kama a farkon Maris, kuma waɗanda suka ɗaga kai lokacin buɗa-baki a kwanakin farko sun ga jinjirin wata da ita kusa da juna. Kafin a shiga goman ƙarshe ta gagari ido, domin ranar 23 ga Maris ta ratsa tsakanin duniya da rana. A farkon Afrilu, bayan Sallah da 'yan kwanaki, ga ta a gabas da asuba. A farkon Yuni ta kai iyakar nisanta ta wancan gefe, ta ci gaba da sauka har ta kewaya bayan rana ranar 6 ga Janairu 2026.

Ba yau aka fara wannan bibiya ba. A Babila, ƙasar Iraƙi ta yanzu, an rubuta fitowarta da ɓacewarta na tsawon shekara 21 a zamanin wani sarki mai suna Ammisaduqa, fiye da shekara 3,500 da suka wuce. An sami kwafin rubutun a kan allon yumɓu cikin kangon birnin Nineba, yanzu yana gidan tarihi a Landan. Mutanen Maya na yankin Meziko da Guwatemala su ma sun ƙirga kwana 584 ɗin nan ba tare da wata na'ura ba, har suka gano cewa zagaye biyar nata kwana 2,920 ne, daidai da shekara takwas ta rana. Littafinsu mai ɗauke da lissafin yana birnin Dresden a Jamus. Duka mutanen biyu sun cakuɗa abin da duba da camfi, suna ɗora mata yaƙi da fari da mutuwar sarakuna. Camfin ya tafi da masu shi, ƙirgen kuwa yana nan daram, domin Wanda ya tsara tafiyar bai sake ta ba. A Maris 2017 ta ratsa tsakaninmu da rana, a Maris 2025 ta sake, a Maris 2033 ma haka lissafi ya nuna.

Sai dai akwai abin da ido tsirara ba ya iya gani, kuma a nan ne babban abin lura yake. A ƙarshen shekarar 1610 masanin Italiya Galileo ya saita madubin hangen nesa a kanta, ya bi ta wata da watanni. Ya ga ashe Zara tana da kamannu irin na wata: wani lokaci kusan cikakkiya, wani lokaci rabi, wani lokaci siririya kamar jinjirin wata. Ya kuma ga girmanta yana sauyawa. Idan ta kusa cika sai ta zama 'yar ƙarama, idan ta sirance sai ta yi girma. Yau duk mai ƙaramin madubin hangen nesa yana iya ganin wannan da kansa, in dai ya bari rana ta faɗi tukuna, domin duban rana ta cikin madubi yana makantarwa.

Bayanin ba shi da wuya. Zara ba ta da wuta tata. Duniya ce kusan girman tamu, mai kewaya rana kamar yadda tamu take yi, sai dai hanyarta tana ciki da tamu. Tsakaninta da rana kilomita miliyan 108 ne, mu kuma miliyan 150. Tana gama zagayenta cikin kwana 225, mu cikin 365, shi ya sa duk kwana 584 take cim mana ta wuce. Kullum rabin jikinta da ya fuskanci rana yana cikin haske, ɗaya rabin yana cikin duhu. Idan tana can bayan rana, fuskarta mai haske gaba ɗaya tana duban mu, amma nisanta ya kai kilomita miliyan 260. Idan ta zo tsakaninmu da rana, tazarar ba ta wuce miliyan 40 da 'yan kai ba, amma bayanta mai duhu ta juyo mana.

Saboda haka ranar da ta cika fal ba a ganin ta, ta yi nisa kuma hasken rana ya rufe ta. Ranar da ta fi kusa ma ba a ganin ta, ta ba mu baya. Haskenta mafi ƙarfi yana tsakani, kimanin kwana 36 kafin ta ratsa ta gabanmu da kuma kwana 36 bayan ta wuce. A wannan lokaci abin da yake haskakawa na fuskarta ta wajenmu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne. Rubu'i kawai take nunawa, amma hasken da yake iso mana ya kusa ninka na lokacin da take kusan cikakkiya. Kusancin ya biya abin da cikar ta rasa, har da rara.

Akwai wata tauraruwar da take ƙara fito da wannan. Da hunturu, bayan Isha, ta gabas maso kudu, ana ganin Shi'ira, wadda sunanta ya zo a Suratun Najmi. Ita ce mafi haske cikin taurari masu wutar kansu da ake gani da dare. Rana ce sukutum, ta fi tamu girma, kuma hasken da take fitarwa ya ninka na ranarmu sau 25. Amma haskenta sai ya yi tafiyar fiye da shekara takwas kafin ya iso, na Zara kuwa mintoci ne. In suka haɗu a sama ɗaya, Zara mai hasken aro takan ninka Shi'ira haske fiye da sau goma a idon mai kallo. Yaro ya tambayi wace ce babba, kowa zai nuna masa Zara. A wajen girma an yi kuskure, amma a wajen abin da ya iso ƙasa an faɗi gaskiya.

To, ashe ba haka mutane suke ba? Kowane gida yana da ɗansa da ya tafi nema, ko Legas, ko Abuja, ko ƙetare, ya ce ba zai dawo ba sai ya cika. Yana jin kunyar ya zo hannu rabbana, ko ya zo da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ya ce bari dai in tara, bari in gama gini, bari in sayi mota, in na zo a san na zo. Shekara ta bi shekara. Labarin arzikinsa yana isowa, shi ba ya isowa. A wannan tsakani mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, wanda ya kai ta asibiti a bayan babur ƙaninsa ne mai faci a bakin titi. Wadda take dama mata kunu maƙwabciya ce da ita ma da ƙyar take haɗa na cefane. Idan tsohuwar ta buɗe ido da dare, fuskokin nan take gani. Ba wanda ya ce na nesa ba ya son ta, ba wanda ya ce ba shi da abin bayarwa. Cikarsa ce dai ta tsaya can inda ba ta haska ɗakin. Masu rubu'i su ne suka haska shi, saboda suna kusa.

Haka abin yake a fagen ilmi. Akwai manyan malamai da suka sha littattafai, sunansu ya kai ko'ina, kuma al'umma tana bukatarsu, domin su ne ake komawa gare su idan mas'ala ta gagara. Amma yaron unguwa ba a wurinsu ya koyi alwala ba. A wurin malamin zaure ya koya, wanda watakila littattafan da ya sauke ba su da yawa, amma kullum tsakanin Magariba da Isha yana kan buzunsa, ƙofa a buɗe. Yarinyar ƙauye ba farfesa ne ya koya mata haɗa baƙi ba, malamar firamare ce mai tako ƙafa kowace safiya. Mai naƙuda da tsakar dare ba babban likitan birni ne a kanta ba, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin gari ce ko ungozoma. Sau da yawa irin waɗannan mutane su suke raina kansu, su ce mu me muka sani. Wani ma yakan ƙi koyar da abin da ya iya, wai bai kai ba, sai ya ƙara karatu. Alhali ɗan abin da yake hannunsa, in ya matso da shi kusa da mai bukata, ya fi tarin da ke nesa amfani a wannan rana.

Ga kuma wani abu game da hasken nata. Tun da na aro ne, ba ta da abin yin taƙama, amma dubi yadda take yi da aron. Jikinta a lulluɓe yake da farin gajimare mai kauri, wanda yake mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken ranar da ya sauka a kansa. Wata, duk da kwarjininsa, abin da yake mayarwa bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba. Da Zara tana shanye abin da ta samu, da kusancinta bai amfana komai ba. Mutum ma abin da yake hannunsa, lafiya ce ko dukiya ko sani ko faɗa-a-ji, ba shi ya ƙaga shi ba, ba shi aka yi. Akwai wanda yake kusa ƙwarai, katanga ɗaya ce tsakani, amma duk abin da ya sauka gare shi a nan yake tsayawa, ko fara'a ba ta fitowa. Irin wannan ana zaune da shi shekara da shekaru ba a san yana nan ba. Kusanci sai da sakin hannu da sakin fuska yake zama haske.

Sa'an nan kada a manta da ranar da ta fi kusa. Ita ce ranar da ba ta nuna mana komai sai duhun bayanta. Wannan ma yana da takwara a zaman mutane. Akwai kusancin da yake wuce kima, mutum ya shige wa ɗan'uwansa har babu sallama, ya san abin da aka dafa da abin da aka faɗa a ɗaka, ya sa baki inda ba a tambaye shi ba. A nan alheri yakan daina ganuwa, sai aibi. Abokai biyu da suke kamar ba za su rabu ba, ka wayi gari ba sa ga-maciji, ba don ɗayansu ya sake hali ba, sai don tazarar da take sa a ga kyan juna ta ƙare. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Kunya da kara da sallama a bakin ƙofa, da barin wa mutum sirrinsa, su ne 'yar tazarar da take sa fuska ta ci gaba da fuskantar fuska. Maƙurar hasken Zara ba a iyakar nisa take ba, ba kuma a iyakar kusa ba. Tana wurin da kusanci ya yi yawa amma fuska ba ta juya ba tukuna.

Duk da haka, idan aka auna ɓata biyun, za a ga ba ɗaya suke ba. Ɓatan kusa kwana takwas ne, ɓatan nesa kwana 50. Bayan ɓatan kusa, da ƙarfinta take fitowa, cikin mako biyar ta koma maƙurar haske. Bayan ɓatan nesa, rarrafe take yi, sai ta yi wajen wata takwas kafin ta kai wannan matsayi. Haka saɓanin makusanta yake. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma mutanen da suke cuɗanya kullum, in sun yi faɗa, suna ko biki ko jana'iza za su haɗa su kafin mako ya zagayo, a gaisa, a wuce wurin. Wanda nisa ya raba kuwa, ko ba a yi faɗa ba, dawowarsa aiki ce. Yaran gidan ba su san shi ba, sai an ce ku gai da kawunku. Hira ba ta kama, sai an daɗe ana lalube. Ya zo da kaya niƙi-niƙi, an gode, an sa albarka, amma an saba da rashinsa. Don haka wanda yake guje wa dangi wai don kada a saɓa, ya guji ƙaramar asara ne ya faɗa babba.

Akwai darasi kuma ga mai kallo kansa. Wanda ya ga Zara dare ɗaya a tsakiyar Fabrairun 2025 zai rantse ita ce sarauniyar sama har abada. Wanda ya neme ta a ranar 23 ga Maris zai ce ta ƙare. Dukansu sun yi gaggawa, domin dare ɗaya ba ya ba da labarin tafiyar kwana 584. Mu ma muna saurin cewa tauraruwar wane tana haskawa, ta wane kuma ta dusashe. Mai bin sawu ya san cewa wanda aka daina gani ba lallai ne ya yi nisa ba. Wataƙila a lokacin ne ya fi kusa, wata lalura ce ta juyar da fuskarsa, ko rashi, ko bashi, ko ciwon da yake ɓoyewa. Irin wannan ba zargi yake bukata ba, a bi shi gida a ji lafiya. Ɗan'uwan da ya saba zuwa ya yi shiru kwana biyu, kafin a ce ya yi girman kai, a fara tambaya ko ƙalau.

Abin da tafiyar nan take nunawa a taƙaice shi ne, amfanin mutum ga mutane ba a auna shi da yawan abin da ya tara, ana auna shi da yawan abin da ya iso gare su. Abin da yake isowa kuwa ya rataya ga abu uku: ya matso kusa, ya fuskanto da fuskarsa, ya saki abin da aka ba shi. Cika ba ta cikin sharuɗɗan. Da Zara za ta jira sai ta cika kafin ta haska, da ba a taɓa sanin ta da haske ba, domin ranar cikarta tana bayan rana.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan akwai gidan da ka daɗe kana cewa za ka je in ka samu, to ka je da abin da ke hannunka, ko goro ne, ko gaisuwa ce kawai. Idan akwai abin da ka iya, ka koya wa na kusa da kai tun yau, kada ka jira sai ka zama gwani. Idan kana kusa da mutane, ka riƙe sallama da kara don kada kusancin ya koma raini. Wanda kake jira ka cika dominsa ba shi da tabbacin zai kai ranar, kai ma ba ka da shi. Zumunta a ƙafa take.